Tashar da Jirage Suka Bari, Tsuntsaye Suka Gada

A safiyar Janairu, lokacin da hunturun Ingila ke sa numfashin mutum ya riƙa fita kamar hayaƙi, jirgin ƙasa marar direba da ke ratsa gabashin Landan yakan sauke fasinjoji a wata tasha mai suna East India. Galibinsu ofis suka nufa, kowa ya cusa wuya cikin rigar sanyi. Wanda ya karkata wajen kogi kuwa, ya yi 'yar tafiyar da ba ta kai minti goma ba a tsakanin dogayen benaye, zai tarar da kansa a bakin wani tafki mai tsofaffin bangaye na bulo da dutse, wani sashe ruwa, wani sashe taɓo. Kunne ne ke riga ido. Ana jin wani siririn fito, gajere, yana tashi nan da can kamar yara na kiran juna a ɓoye. Sai mutum ya ƙura ido sosai kafin ya gane cewa abin da ya ɗauka curin laka ne a bakin ruwa, ashe agwagi ne, ƙanana, sun fi ɗari.

Turawa na kiran wannan agwagwa teal. Ita ce mafi ƙanƙanta a agwagin Birtaniya, nauyinta bai wuce giram 350 ba, da kaɗan ta fi tattabarar gida. Namijin ne mai fiton. Kansa ja ne irin na goro, da wani koren zane da ya taso daga ido ya zarce ƙeya, kamar an ja masa kwalli. Macen ruwan ƙasa ce, ba ado, sai ɗan koren tabo a fiffike da ke walƙiya idan ta juya. Da yawansu daga arewacin Turai da Rasha suka taso, sun gudo wa ƙanƙarar da ke daskarar da tafkunan ƙasarsu.

A ƙetaren kogin Tems, daidai saitin tafkin, ga zauren O2 kamar ƙwaryar da aka kife, da dogayen sandunansa 12 masu launin rawaya. Jiragen sama na filin London City suna wucewa ƙasa-ƙasa da rugugi. Agwagin ko a jikinsu.

Sunan wurin East India Dock Basin. Shi ne babban abin da ya rage daga tashar jiragen ruwa ta Kamfanin Gabashin Indiya, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fi ƙarfi a tarihin duniya.

Katanga saboda ɓarayi

A ranar ƙarshe ta shekarar 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta bai wa wasu attajiran Landan takardar izinin kasuwanci da ƙasashen gabas, su kaɗai, ba mai yi musu kishiya. Daga masoro da kanumfari suka fara, sannan suka shiga yadin auduga, alharini, shuni da ganyen shayi. A 1614 kamfanin ya buɗe wajen ƙera jirage da gyaransu a Blackwall, inda kogin ke da zurfi. Daga wannan gaɓar ce, a Disamban 1606, jirage uku suka tashi da mutanen da suka kafa garin Jamestown a Amurka, kuma har yau akwai dutsen tunawa da su 'yan taku kaɗan daga tafkin.

Jiragen kamfanin manya ne, wasu sun haura tan 1,000, sun fi ƙarfin su hau kogi har tsakiyar birni da cikakken lodi. Saboda haka sukan tsaya a ƙasa, a kwashe kayan zuwa ƙananan kwale-kwale. A nan gizo ke saƙar. Jirgin da ya shafe kusan wata shida a teku, ya tsallake guguwa da 'yan fashi, sai ya zo ya yi asara a ƙofar gida. Buhun masoro ya ɓace, akwatin shayi ya yi ƙafa. Wani alƙalin birnin, Patrick Colquhoun, ya ƙiyasta cewa abin da ake sacewa a kogin ya kai fam 500,000 a shekara, kuma shi ne ya tsaya har aka kafa 'yan sandan kogi a 1798.

Maganin da attajirai suka gano shi ne a haƙa tafkuna a gefen kogi, a shigar da jirage ciki, a rufe ƙofa, a zagaye da katanga. Masu kasuwancin sukari na Yammacin Indiya suka buɗe tasu tashar a 1802. Majalisa ta amince da ta Gabashin Indiya a 1803, injiniyoyi John Rennie da Ralph Walker suka tsara ta, aka buɗe ta a watan Agustan 1806. Kashi uku ce: babban tafkin sauke kaya, tafkin lodi wanda aka gina a kan wata tsohuwar tasha mai suna Brunswick, sai tafkin shiga da ke haɗa su da kogi. Katangar ta kai tsayin mita shida, kuma wani sashenta na nan tsaye a titin Naval Row.

Aikin tafkin shiga yana da nasaba da halin kogin. Tems yana cika yana janyewa sau biyu a rana saboda tasirin teku, kuma tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa a Landan takan kusa mita bakwai. Jirgin da aka ɗaure a bakin kogi da safe yana kan ruwa, da rana yana iya zama kan taɓo. Don haka ake jiran cikowa, a buɗe manyan ƙyamaren katako, jirgi ya shiga, a rufe, ruwa ya tsaya cak a ciki. Wannan zauren jira na jirage shi ne inda agwagi ke kiwo a yau.

Da farko tashar ba ta da manyan rumbuna. Kayan sun yi tsadar da ba a yarda su kwana a bakin ruwa ba. Ana loda su a amalanken dawaki masu rufi da kwaɗo, a bi sabon titin Commercial Road da su zuwa rumbunan kamfanin da ke titin Cutler a cikin birni. Ƙanshin shayi da kayan yaji kan cika unguwar. Bayan wannan ƙanshi akwai ɗaci: kamfanin yana mulkin Bengal da soja da haraji, kuma da kuɗin ofiyom ɗin da ake nomawa a Indiya ana shigar da shi Sin yake biyan kuɗin shayin da Turawa ke sha. Matuƙan Indiya da ake kira laska, waɗanda da yawansu Musulmi ne, su ne ke jan igiya a jiragen. Sukan sauka Landan cikin tsananin sanyi ba isassun tufafi, wasu su mutu a titi kafin a sami jirgin komawa. A 1857 aka buɗe musu wani masauki na musamman a Limehouse, tare da matuƙa 'yan Afirka.

Kamfanin ya rasa babakerensa na Indiya a 1813, na Sin a 1833. Bayan boren 1857 gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulkin Indiya daga hannunsa, aka rushe shi a 1874. Tashar ta rayu bayan kamfanin. Ta haɗe da ta Yammacin Indiya a 1838, ta ci gaba da karɓar jirage masu filafilai da ke tseren kawo shayin farko na shekara daga Sin, sannan jirage masu tururi. A 1909 hukumar tashoshin Landan ta karɓe ta.

Masu ɗaukar kayan kuwa ba su ga arzikin ba. Kullum da asuba 'yan dako kan taru a ƙofa, wakilin kamfani ya fito ya nuna wanda ya ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Wanda aka ɗauka ma, wataƙila aikin awa biyu ne. A watan Agustan 1889 tura ta kai bango, leburorin tashoshin Landan suka tafi yajin aiki ƙarƙashin Ben Tillett, Tom Mann da John Burns, suna neman sisi a kowace awa. Bayan kusan mako biyar suka samu. A ƙetaren rafin Bow Creek, dab da tafkin, akwai masana'antar ƙera jirage ta Thames Ironworks, wadda ma'aikatanta suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1895. Ita ce West Ham ta yau, kuma gudumar da ke tambarinta ta maƙeran jirage ce.

Wuta, sannan shiru

Ranar 7 ga Satumban 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tashoshin gabashin Landan ruwan bama-bamai, rumbuna suka yi ta ci da wuta. Tafkin lodi ya lalace sosai, bayan yaƙi aka cike shi aka gina tashar wutar lantarki ta Brunswick Wharf a kai. Babban tafkin sauke kaya kuwa an tsotse ruwansa a lokacin yaƙin, aka riƙa zuba manyan akwatunan kankare a cikinsa, waɗanda aka ja zuwa gaɓar Faransa a 1944 don haɗa tashar wucin gadi ta Mulberry da sojojin ƙawance suka sauke kayan yaƙi a kanta.

Abin da bam bai iya kashewa ba, kwantena ta kashe. Da aka fara zuba kaya cikin manyan akwatunan ƙarfe, jirage suka ƙara girma, aikin da ɗaruruwan 'yan dako ke yi a mako ya koma na injin ɗaga kaya a yini. Irin waɗannan jirage ba sa iya bin lanƙwashe-lanƙwashen Tems, sai suka tsaya a Tilbury, can kusa da bakin teku. A 1967 aka rufe tashar Gabashin Indiya, ita ce ta farko da aka rufe cikin manyan tashoshin Landan. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1981. Unguwanni kamar Poplar da Canning Town suka shiga ƙuncin rashin aiki.

A 1981 gwamnati ta kafa hukumar raya yankin tashoshin. Aka cike mafi yawan babban tafkin, aka yi gine-gine. Titunan da aka shimfiɗa a kai suna ɗauke da sunayen kayan da aka taɓa saukewa a wurin: titin Kanumfari, titin Gyaɗar Ƙamshi, titin Za'afaran. A nan aka gina Telehouse, ɗaya daga cikin manyan mahaɗun intanet na Turai, ta yadda saƙonnin duniya ke ratsa inda akwatunan shayi suka ratsa. Tashar lantarkin ma an rufe ta a 1984, aka rushe ta bayan 'yan shekaru, gidaje suka maye gurbinta.

Tafkin shiga ne kaɗai ya tsira ba a cike shi ba, kuma rashin kula da shi ne ya fara gyara shi. Duk cikowa, ruwan kogi kan shigo da laka, ya ajiye ta, ya fita. Lokacin da jirage ke aiki ana yashe ta a kai a kai. Da aka daina, sai ta taru, ta yi tudu a gefe, tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi suka cika ta. Da yake ruwan nan gauraye ne, ɗan gishirin teku da ruwan kogi, sai tsirran da ke son gishiri suka kama, aka sami 'yar fadamar gishiri irin wadda ba a cika gani ba a wannan nisa daga teku. Dogayen ciyayi masu kama da kyauro suka tsaya a bakin ruwa, itatuwa suka tashi a bayan bango.

Da kogin bai warke ba, da duk wannan bai kawo tsuntsu ko ɗaya mai cin kifi ba. A 1957 an ayyana Tems na tsakiyar Landan a matsayin mataccen kogi: bahaya, dattin masana'antu da bututun ƙazanta da bam ya farfasa sun cinye iskar da ke cikin ruwa, kifi ba ya iya numfashi. Aka gyara manyan wuraren tace ƙazanta na Crossness da Beckton a shekarun 1960 da 1970, aka tsaurara doka a kan masana'antu. A 1974 aka kama kifin salmon a kogin, karo na farko bayan fiye da shekara 100. A 2016 aka buɗe wani babban rami na ƙarƙashin ƙasa da ke ɗauke ƙazantar da a da ke malala cikin kogin Lea, wanda ke faɗawa Tems ta Bow Creek, idan an yi ruwan sama mai yawa. Rahoton ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan na 2021 ya lissafa nau'in kifi 115 da na tsuntsaye 92 a sashen kogin da ke cika yana janyewa.

A ƙarshen shekarun 1990, bayan an gyara bangaye da ƙyamare, tafkin ya koma hannun hukumar gandun kwarin Lea. An kafa wannan hukuma ne a 1967, shekarar da aka rufe tashar. Gandun ya miƙe mil 26 daga garin Ware a arewa, yana bin kogin Lea, kuma wannan tafki ne ƙarshensa na kudu.

Masu zuwa da masu tafiya

Agwagin hunturu suna bin agogon kogi. Idan ruwa ya janye, sukan tafi Bow Creek, inda Lea ke yin lanƙwasa biyu kafin ya faɗa Tems, su bazu kan taɓo suna tace shi da baki, suna tsintar irin ciyawa da ƙananan halittu. Idan ruwa ya dawo ya rufe taɓon, sai su taso jere-jere su faɗo tafki su huta. Mai son ganinsu da yawa, jadawalin cikowa yake dubawa kafin ya fito, kamar yadda matuƙan da suka yi. A cikin agwagin ana ganin wata babbar agwagwa fara mai koren kai, jan baki da ɗamara ruwan goro a ƙirji. Zalɓe na tsaye a gefe da ƙafa ɗaya, bai motsa ba tun ɗazu. Baƙaƙen tsuntsaye masu nutso sun hau kan tsofaffin turakun ɗaure jirgi, sun baje fikafikai suna shanya. Wani lokaci wata 'yar shuɗiyar tsuntsuwa mai kamun kifi kan gifta dab da ruwa kamar an harba kibiya, kafin ka ce kwabo ta ɓace.

Akwai wani ɗan tsuntsu da tarihinsa ke ɗaure da na gabashin Landan: baƙi-baƙi, mai jan wutsiya da yake karkaɗawa a kai a kai, Turawa na ce masa black redstart. Asalinsa mazaunin duwatsu ne a tsaunukan Turai. Ya fara sheƙa a Landan a shekarun 1920, amma bayan ruwan bama-bamai ne ya yaɗu, don kangaye da tarin ɓaraguzai sun yi masa kama da gida. Da aka sake gina tsakiyar birni sai ya koma tashoshin lantarki, rumbunan da aka yi watsi da su da bakin tashoshin ruwa. Ma'auratan da ke sheƙa a Birtaniya duka ba su cika kai 100 ba. Saboda shi ne masu kare tsuntsaye suka matsa wa magina lamba su riƙa zuba tsakuwa da ɓaraguzai a rufin sababbin benaye, a bar ciyayi su fito da kansu. Yana cikin tsuntsayen da masu lura ke fatan gani a bangayen tafkin.

A watan Afrilu sai a yi canjin baƙi. Agwagin sun koma arewa, 'yan Afirka sun iso.

Wadda ta fi jan ido ita ce tern, wadda matuƙa ke yi wa laƙabi da tsattsewar teku saboda wutsiyarta mai baki biyu. Fara ce mai toka-toka a baya, da baƙar hula, jan baki mai baƙin tsini, da gajerun jajayen ƙafafu. Takan tsaya cik a iska tana kaɗa fikafikai, kai a sunkuye, sai ta naɗe ta faɗa ruwa, ta fito da ɗan kifi yana wutsil-wutsil a baki. Namiji ba ya haɗiye nasa idan yana neman aure. Yakan yi ta shawagi da shi a baki yana kuka, ya sauka gaban mace ya miƙa mata, kuma da yawan kifin da yake kawowa take gane ko zai iya ciyar da 'ya'ya. A ƙasa take ƙwai, biyu ko uku, masu ɗigo-ɗigo kamar tsakuwa. A cikin birni kuwa ƙasa ba ta da aminci, ga karnuka, ga kyanwoyi, ga dilan Turai da ke yawo da dare. Don haka aka yi mata dandamali na katako masu yawo a kan ruwa, aka zuba tsakuwa, aka ɗaure su a tsakiyar tafki. A kan irinsu ta yi shekaru tana ƙyanƙyasa a nan da sauran tsofaffin tashoshin yankin. Kwancin mako uku ne, bayan mako huɗu kuma 'ya'yan sun tashi.

Cikin ciyayin bakin ruwa akwai wata da ake ji ba a gani, 'yar ruwan ƙasa mai nauyin giram 12 ko 13, wadda ke surutu ba tsayawa tun asuba. Takan saƙa sheƙarta kamar ɗan kwando a tsakanin karare uku ko huɗu, ta yadda iska za ta kaɗa su sheƙar ba ta faɗi ba. Akwai kuma tsattsewar gaɓa, mai haƙa rami a gaɓar yashi, wadda a wannan yanki ta koyi shiga bututun magudana da ke jikin bangayen kogi. Akwai 'yar tsuntsuwar bakin ruwa mai zoben rawaya a ido, wadda ba ta taɓa sheƙa a Birtaniya ba sai a 1938, kuma ramukan tsakuwa da filayen masana'antu ne suka ba ta wurin zama. Idan abokin gaba ya kusanci ƙwanta sai ta riƙa jan fiffike a ƙasa kamar ta karye, ta janye shi nesa, sannan ta tashi.

Dukkansu a kudancin Sahara suke cin hunturu. An san haka ne ta hanyar zobe. Tun 1909 masana a Birtaniya suka fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, kuma a ƙarshen 1912 aka tsinci wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu ɗauke da zoben da aka sa mata a Ingila. Zobban da aka samu daga baya sun nuna cewa tsattsewar gaɓa ta Birtaniya ta fi sauka a fadamun kogin Senegal da na Neja a Mali, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. Kafin ta tsallake hamada sai ta ci ta tara kitse, shi ne guzurinta. Danginta da suka taso daga wasu sassan Turai suna sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi, inda manoman fadama da masunta ke ganinsu da kaka da hunturu.

Turawa sun fahimci ƙarfin wannan alaƙa a bazarar 1969. Wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda kowane shingen gona a Ingila ke da ita, ba ta dawo ba. Ƙidayar cibiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya ta nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a hunturu ɗaya. Tsattsewar gaɓa ma ta ragu ƙwarai. Da aka bi sawu sai aka gano cewa damina ce ta gaza a yankin Sahel a 1968, farkon farin da ya zarce har shekarun 1970 ya hallaka mutane da dabbobi daga Senegal zuwa Nijar da Chadi. Fadamun da suka ƙafe suka hana makiyayi ruwa, su ne suka hana tsuntsuwar ƙwarin da za ta ci ta tsallake hamada. Tun daga lokacin, masu ƙidaya a Ingila kan duba labarin daminar Sahel don su san abin da bazara za ta kawo musu.

Tsattsewar teku kuwa gaɓa take bi, ta Faransa, Sifen, Maroko, Muritaniya, har Senegal da Ghana. Layin Greenwich, wanda daga gare shi ake ƙirga lokacin duniya, ya ratsa ta gefen tafkin, an ma shata shi a ƙasa tsakanin gidajen da ke kusa. Wanda ya bi shi kudu zai ratsa Aljeriya, Mali da Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema, babbar tashar jiragen ruwan Ghana. A gaɓar nan dubban waɗannan tsuntsaye ke bin jiragen masunta. Shekaru da dama yara kan kafa musu tarko da ɗan kifi a bakin yashi. A 1985 gwamnatin Ghana da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya suka fara wani shirin ceton tsuntsayen gaɓa, wanda masaniyar dabbobi Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi fice a cikinsa, aka kafa ƙungiyoyin kula da namun daji a makarantu don a jawo yaran.

Lakar da ta kawo su

Tafkin ƙarami ne, ana zagaye shi a ƙafa cikin minti ashirin, kuma benaye na ƙara matso shi kowace shekara. Babbar damuwar masu kula da shi ita ce lakar nan da ta kawo tsuntsayen tun farko. Ba ta daina shigowa ba. Idan aka bar ta, ruwa zai ƙare, ciyayi su rufe, itatuwa su biyo baya, agwagi da tsattsewar teku su rasa wurin sauka. Idan aka kwashe ta duka, fadamar gishiri da abincin da ke ciki sun tafi. Yashe ta aiki ne mai tsada, ga neman inda za a zubar da laka daga tsohuwar tashar masana'antu. Haka ma ciyayin bakin ruwa sai an riƙa yanke wani sashe, dandamalin tsakuwa sai an share shi kafin Afrilu, masu karnuka sai an roƙe su su riƙe igiya.

Mafi yawan abin da aka sani game da tsuntsayen wurin ya fito ne daga mutanen da ba a biyan su ko sisi: ma'aikacin ofis da ke ɓata hutun cin abincinsa a bakin bango da madubin hangen nesa, dattijon da ya yi ritaya, malamar da ke kawo 'yan firamare daga Poplar. Suna rubuta abin da suka gani, rana da adadi, su aika wa ƙungiyar nazarin halittu ta Landan, wadda tun 1936 take fitar da rahoton tsuntsayen birnin na shekara-shekara. Da irin wannan lissafi ake kare wuri idan magina sun zo da taswira. A cikin yaran da ake kawowa akwai da yawa 'yan asalin Bangaladash, jikokin mutanen Sylhet, yankin da ya bai wa jiragen Birtaniya matuƙa masu yawa.

A ƙarshen Agusta tsattsewar teku kan fara raguwa. Matasan, masu farin goshi, suna bin iyayensu ƙasa da kogi suna kukan neman kifi, su wuce hasumiyar fitila ta Trinity Buoy Wharf a bakin Bow Creek, su nufi teku. Ciyayin bakin ruwa sun yi tsit. Cikin makonnin nan ne, wata safiya da ruwa ya cika, mai lura zai ga 'yan agwagi shida ko bakwai a kusurwar arewa ta tafkin, duk ruwan ƙasa, don mazan ba su riga sun sake fitar da jan kai da koren kwallinsu ba. Yakan ciro littafi ya rubuta kwanan wata da adadi. Zuwa Nuwamba sai ya ƙirga sau biyu kafin ya tabbatar.